Malam Dabo da Gilashin Sunaye

A shekarar 1981 na fara sanin Dabo, cikin watan Yuni, saura sati biyu a yi jarrabawar ƙarshen zango. Ina hedimasta a lokacin, tafiretar makarantarmu ta cije, aka ce in je Ɗambatta, gindin dalbejiyar da ke kusa da kotu, akwai mai buga takardu a can. Na same shi a kan benci, tafireta a cinya, yana bugu da yatsu biyu. Shafi tara ya buga mini ba kuskure ko ɗaya. Da ya gama sai ya zaro alƙalami ya bi layi-layi yana sa wa ƙa da ɗa da ɓa ƙugiyoyinsu, don injin Bature bai san da zamansu ba. Mu da aka koya wa rubutu a makarantar mishan, da rula a gefen tebur, mun san darajar irin wannan aiki. Yanzu an daina.

Dabo mutumin Kwarin Gawo ne, ƙauyen da ke shan ruwan madatsar Watari, inda gona ke manne da gona har ba inda za ka ɗaure jaki sai a kan shukar wani. Shekara ashirin da uku ya yi a gindin dalbejiyar nan. Yakan buga wa mutum takardar ƙara da safe, da la'asar ya buga wa abokin shari'arsa amsa, kowanne ya tafi yana jin shi ne da nasara. In aka tambaye shi wa ke da gaskiya, sai ya ɗaga yatsun nan biyu ya ce, "Ni hannu ne. Hannu ba shi da ra'ayi."

Da shagunan kwamfuta suka cika gari, sai ya nannaɗe tabarmarsa ya koma gida, ya kama 'yar gonarsa shi da matarsa Hure. Ƙungiyar manoman rani ta Kwarin Gawo ta naɗa shi akawu, saboda duk ƙauyen ba wanda ya taɓa jin ya ce a'a.

A 2014 wasu mutane masu farar mota da huluna iri ɗaya suka kawo wa ƙungiyar kwamfuta da farantin sola da batir. Suka kai Dabo Kano ya yi kwana uku yana koyo, suka ɗauki hotuna, ba a sake ganinsu ba. Kayan kashi biyu ne. Akwai gilashin da rubutu ke fitowa a kai, akwai kuma wani baƙin akwati mai gunji. Gilashin aka ɗora a tebur, Hure ta ɗinka masa riga mai fulawa. Akwatin kuwa aka tura shi ƙarƙashin tebur, aka yafa masa buhu saboda kaji, ya zama wurin da ciyaman ke ɗora ƙafa in ya zo ofis.

Aikin kwamfutar ɗaya ne tak. Duk shekara, kafin shukar alkama, ana aiko wa ƙungiyar takin zamani mai rahusa na mutum ɗari da ashirin, buhu bibbiyu. Wanda sunansa ke ciki ya samu, wanda ba ya ciki ya je kasuwa. Daga nan wata al'ada ta samo asali, wadda ba a yi a ko'ina sai a Kwarin Gawo. Sati guda kafin rabo, Dabo yakan juya gilashin ya fuskanci taga, manoma su yi layi, kowa ya miƙa yatsa ya taɓa sunansa ya ce alhamdu lillahi. Ranar taɓa suna ake ce mata. Yawancinsu ba su iya boko ba, amma kowa ya san shafinsa da layinsa kamar yadda ya san iyakar gonarsa. In an watse, Dabo ya goge laka da man gyaɗa daga fuskar gilashin. Shi kansa ma'aikacin da ke zuwa karɓar sunaye, gilashin yake ɗauka hoto da wayarsa. Saboda haka duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙauyen ya san abu ɗaya tabbas: a cikin gilashin nan sunaye ke kwana.

Shekara takwas abu na tafiya lafiya. Sai aka shiga shekarun nan da mutum zai sayar da buhun hatsi ya tafi sayen buhun taki a ce kuɗinsa bai kai ba. Buhu biyun nan na ƙungiya, da a da ake karɓa ana hira, suka zama su ne noman gaba ɗaya.

Ciyaman ɗin ƙungiya shi ne Alhaji Iliyasu, mai gonaki a bakin kanal, inda ruwa ke fara sauka. Wata Laraba a watan Oktoban 2022, bayan azahar, ya shigo ofis ya ɗora ƙafa a kan akwati.

"Akawu, ina tausayin mutanen ƙarshen kanal ɗin nan," in ji shi. "Ruwa da ƙyar yake kai musu. Taki kuwa in ba ruwa, ƙona shuka yake yi. Ka ga ashe cutarsu muke yi."

"Haka ne, Alhaji."

"To mu taimake su. Cire mini goma sha ɗaya."

Ya zaro takarda daga aljihu, ya karanto waɗanda za su maye gurbi. Akwai surukansa biyu masu sayar da taya a Kano, akwai jikarsa Sakinatu mai shekara huɗu, akwai mahaifinsa Alhaji Khalilu, wanda ya rasu shekara bakwai kafin nan. Dabo ya buga su duka, ba kuskure ko ɗaya.

Ranar taɓa suna, Mati ya zo layi. Mati mai gona ne a can ƙarshen kanal, shi ne kuma mai haƙa kabari in an yi rashi a ƙauyen, kuma kullum hanyarsa ta gona ta gefen gonar Dabo take bi. Shi ne na casa'in da huɗu, shafi na huɗu, layi na huɗu. Ya miƙa yatsa ya taɓa, ya ce alhamdu lillahi.

"Ba kai ba ne, Mati," in ji Dabo, idonsa a kan tebur.

"Bara ni ne."

"Bara kai ne."

"To bana wa ya zama ni?"

Dabo ya karanta, don karatu aikinsa ne. "Alhaji Khalilu."

Mati ya dubi yatsansa. "Wanda na haƙa wa kabari?"

Ciyaman ya leƙo ta taga. "Malam Mati, aikin na'ura ne. Ita ta san yadda take jera mutane. Ka taɓa jin an ce kwamfuta ta karɓi cin hanci?"

Mati bai taɓa ji ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya matsa wa na baya.

A ranin nan alkamarsa ba ta wuce gwiwa ba. Ya sayar da injin ban-ruwansa. Rani na biyu rabin gonar kawai ya shuka. Wani cikin goma sha ɗayan, Muntaka, ya tafi Kudu neman aikin ƙarfi, ya dawo da ciwon ƙirji, bai ga damina ba, aka raba gonarsa tsakanin 'ya'yansa maza biyu. Duk wannan a gaban Dabo aka yi. Abin da ya fi damunsa kuwa gaisuwar Mati ce. Kullum da safe sai ya tsaya a bakin gona ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon ƙafar Hure, ya tambayi aiki, sannan ya ce, "Yaya gilashi? Ko ya tuno da ni?" Da gaske yake tambaya, ba gatse a ciki. Da gatse ne da Dabo ya fi samun sauƙi.

A Nuwamban 2024, saura sati uku a yi rabo, gilashin ya fara ciwo. Da farko wani koren layi ne ya ratsa shi daga sama har ƙasa. Bayan kwana biyu duk sunaye suka koma ruwan hoda. Daga nan ba ya tashi sai an mare shi a ƙeya, sai kuma ya kai ana marin sau uku. Ranar Talata ya yi baƙi ƙirin. Akwatin ƙasa yana ta gunjinsa kamar kullum, amma ba wanda ya kula shi.

Aka kira taro a ƙofar ofis. Wani dattijo ya ce a bar shi ya huta kwana uku, ko sa ma in ya gaji hutu ake ba shi. Wani ya ce sanyi ne ya kama shi, a shanya shi a rana. Da aka gama da waɗannan sai magana ta tsaya a kan biyu, a gyara ko a sayi sabo. Kowa a wurin ya san abin da ake nufi. In an gyara, sunaye za su farka yadda suka kwanta. In an sayi sabo, fanko zai zo, sai an sake rubuta kowa.

Alhaji Iliyasu mutum ne da bai taɓa kai waya wurin mai gyara ba. In babur ɗinsa ya yi tari sau biyu, ya sayar ya sayi wani. Ran nan kuwa ya miƙe ya yi wa jama'a wa'azi a kan almubazzaranci.

"Jama'a, wannan gilashi shekara goma yana mana hidima. Don ya kwanta ciwo sai mu yar da shi? Haka za ku so 'ya'yanku su yi muku?"

Mati, wanda takalminsa ya sha ɗinki har ba a gane asalin launinsa, ya ce shi dai a ganinsa tsohon abu ba ya ƙarko. "Ya fara mantuwa tun shekara biyu, Alhaji. Yana cire rayayyu yana sa matattu. Wannan ai ba ciwon jiki ba ne kaɗai."

Aka yi dariya, aka kuma haɗiye ta da sauri. Sai Sama'ilu, malamin firamare, ya ɗaga hannu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ai sunayen ba a gilashin suke ba, suna cikin..."

"Zauna, Malam Sama'ilu," in ji ciyaman. "Manya na magana. Mu da muke taɓa su da hannunmu shekara goma za ka faɗa wa inda suke?"

Sama'ilu ya zauna. Samarin da ke bayan taro, waɗanda duk sun san abin da zai faɗa, suka sunkuyar da kai suna danna waya.

Dabo ma ya sani. Tun ranar farko ta kwana ukun nan na Kano aka faɗa masa cewa gilashi taga ce kawai, komai na cikin akwati. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ran nan ma ba a tambaye shi ba.

Aka ɗaga hannu. Masu son a gyara suka yi rinjaye. Mati da 'yan'uwansa ba a ƙirga nasu ba, tunda ba sa cikin gilashi.

"Akawu, gobe ka kai shi Ɗambatta," in ji ciyaman. "Ko nawa ne a gyara. Kada ka bari a girgiza shi a hanya, kada wani ya zube."

Washegari Dabo ya naɗe gilashin a zanin Hure, ya rungume shi a ƙaramar bas kamar mai kai mara lafiya asibiti. Shagon Kamilu mai gyara yana bayan 'yan hatsi, cike da rediyoyi da fankokin da masu su suka manta da su. Kamilu ya kwance bayan gilashin, ya gyara zaman tabarau, ya nuna wasu 'yan ƙananan abubuwa uku masu kamar ƙwayar gyaɗa.

"Ga ciwon, Baba. Sun kumbura. Kafin ka shanye fura na canja su."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Wata shekara biyar zai ƙara."

Dabo ya zauna a kan wani mataccen talabijin. Wata shekara biyar. Ya ga Alhaji Khalilu, Allah ya jiƙansa, yana ta karɓar buhu bibbiyu har 2029. Ya ga Sakinatu ta shiga aji biyar da gonar da ba ta san tana da ita ba. Ya ji muryar Mati a bakin gona, safiya dubu ɗaya da ɗari takwas, yana tambaya ko an tuno da shi. An aiko shi gyara, ga gyara a gabansa, mai sauƙi, mai araha. Hannu da an aike shi sai ya yi abin da aka ce.

"Dakata tukuna," ya ce wa Kamilu. "Bari in yi azahar."

Ya yi salla, ya daɗe a zaune bayan sallama. Da ya dawo sai ya tambayi Kamilu ko yana da wani gilashin na hannu mai lafiya. Akwai. Suka daidaita a kan musaya, Kamilu ya riƙe tsohon, Dabo ya yi ciko daga aljihunsa.

"Saura takarda. Ɗauko biro, ni zan faɗa, kai ka rubuta."

Shekara arba'in da uku yana rubuta maganar mutane. Wannan ne karo na farko da ya faɗa wani ya rubuta.

"Rubuta. Ni Kamilu mai gyara, na buɗe wannan gilashi na duba ciki da waje. Ban sami sunan kowa a cikinsa ba."

Kamilu ya ajiye biro yana dariya. "Baba, wannan ai kowa ya sani."

"To ka ga ba a kan ƙarya za ka sa hannu ba. Kana da hatimi?"

Yana da shi. Ya buga har sau biyu.

Dabo bai ruɗi kansa ba. Ya san takardar gaskiya ce, ya kuma san abin da zai yi da ita yaudara ce. Duk tsawon hanya yana ta istigfari, amma bai ce wa direba ya juya ba.

Da sassafe, kafin kowa ya fito, ya buɗe ofis ya jona sabon gilashin. Sunaye suka fito reras, baƙi a kan fari, Alhaji Khalilu na nan a layi na huɗu. Ya dube su na ɗan lokaci. Sannan ya sa yatsun nan biyu ya goge su gaba ɗaya, ya buɗe farin shafi, ya juya gilashin ya fuskanci taga.

Da jama'a suka taru ya karanta musu takardar Kamilu, ya ɗaga ta kowa ya ga hatimi. Aka ɗauki salati. Wasu suka ce tun ranar da ya koma ruwan hoda suka san sunaye sun fara narkewa. Ciyaman ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya. Yana da ɗa a Kano da zai iya warware masa komai a kira ɗaya, amma ɗan zai tambayi dalilin da ya sa ake neman sunan kakansa, shi ya sa wayar ba ta fito daga aljihu ba.

Saura kwana goma sha shida ma'aikaci ya zo, ba kuma wanda ya haddace mutum ɗari da ashirin da lambar gonakinsu. Dole aka yarda kowa ya zo da ƙafarsa ya tsaya a taga, ya faɗi sunansa, maƙwabcinsa na gabas da na yamma su shaida cewa gonar tasa ce, a buga, ya taɓa. Kwana uku ana yi.

A rana ta biyu ciyaman ya shigo ya sunkuya a kunnen Dabo, da takardar nan ta aljihu.

"Akawu, ga sauran mutanena."

"To Alhaji, su zo taga."

"Wace irin taga? Ka buga kawai."

"Gilashin na kallon jama'a, Alhaji. Ina bugawa suna gani, ga Malam Sama'ilu can yana karanta musu da ƙarfi."

Ciyaman ya dubi taga. Fuska ta kai talatin, duk sun zuba masa ido.

"Har da Baba?" ya ce a hankali.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji Dabo. Mutanen taga suka amsa baki ɗaya, "Amin." Ciyaman ma ya ce amin, don ba yadda zai yi.

Mati ya zo a rana ta uku, sanye da rigar Juma'a. Ya faɗi sunansa har da na kakansa, ya taɓa, bai ɗauke yatsa ba sai da na baya ya ture shi.

Da la'asar an buga ɗari da goma sha takwas. Mutum biyu suka rage a taga, 'ya'yan marigayi Muntaka, kowanne da rabin gonar uba da shaidunsa. Dabo ya bar nasa sunan sai ƙarshe, kamar yadda ya saba. Ya ƙirga. Gurbi biyu, mutum uku. Gonar da ke ɗaya lokacin da ya cire ta, ta dawo masa biyu. Ya buga babban, ya buga ƙaramin, ya ce, "An cika." Ya sa wa gilashin rigarsa mai fulawa, ba ta yi masa daidai ba, ya bar ta a haka.

Ba wanda ya lura. Mai zama a bayan tebur ba ya bin layi, ba a taɓa ganin ya taɓa suna ba balle a ga bai taɓa ba.

Sati biyu bayan rabo aka kira taro, aka tuhumi akawu da musayar kayan ƙungiya ba da izini ba. Laifin gaskiya ne, bai musa ba. Aka ɗaga hannu aka sauke shi. Cikin masu ɗagawar har da shida daga waɗanda aka mayar, don har yanzu makullin ƙofar ruwa na hannun ciyaman. Dabo ya rubuta bayanin taron da kansa, ya miƙa makullin ofis, ya tafi gida. Hure ta tambaye shi ina buhunansu biyu. Ya faɗa mata. Kwana huɗu ba ta yi masa magana ba, a na biyar ta tara tokar murhu da kashin awaki a kwando ta ce ya kai gona, ko ba komai ya fi babu.

Bai fi da yawa ba. A watan Janairu alkamar Kwarin Gawo ta yi kore shar tun daga bakin kanal har ƙarshensa, in ban da wani fili guda a tsakiya mai launin ruwan ɗorawa. Mati ya biyo ta nan da safe, da fartanya a kafaɗa. Tun da aka yi rabo yake yawo yana faɗa wa mutane cewa sabon gilashin nan mai tsoron Allah ne. Ya tsaya ya dubi gonar, ya dubi Dabo da ke durƙushe yana cire ciyawa.

"Akawu, me nake gani haka? Ba ka sa taki ba?"

"Ban samu ba bana."

"Kai! Kai ma ya cinye ka? Kai da kake goge masa fuska?" Mati ya girgiza kai cike da tausayi. "Yi haƙuri, Malam Dabo. Haka na'ura take, ba ta san mutum ba. Ni ma shekara biyu na yi. Ka dai riƙa zuwa taga, wata rana za ta tuno da kai."

"To, Mati," in ji Dabo. "Allah ya sa."

Ya ci gaba da cire ciyawarsa.